Bayan An Ba Da Magani

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar nan kafin 2005 ya san ƙaiƙayin kulorokwin, ko dai a jikinsa ko a jikin wani ɗan gidansu. Mutum zai sha ƙwaya da hantsi saboda zazzaɓin cizon sauro, kafin isha'i ya fara susa: tafin hannu, tafin ƙafa, tsakar ka, har gadon baya inda hannu ba ya kaiwa. Babu ƙurji, babu kumburi, sai tsikari ta cikin fata. In ya watsa ruwa abin ya ƙaru. Kwana biyu ko uku ba barci. Mu da muke aikin jinya a lokacin mun san shi kamar yunwar cikinmu. Kafin mu miƙa maganin sai mun tambaya, "Baba, yana sa ka ƙaiƙayi?" In ya ce e, a haɗa masa da Piriton, a yi masa fatan samun sauƙi. Da yawa a rana ta biyu suke watsar da ragowar, zazzaɓin ya lafa ya dawo. Kowa ya san haka, daga mai shara har babban likita, amma ban taɓa ganin an rubuta shi a wata takardar da za ta fita daga asibitin ba. An lissafa shi cikin wahalar shan magani, shi da ɗaci. Mutane kan ce maganin ne yake aiki, ko ciwon ne yake fita.

Na fara aiki a ƙarshen shekarun 1980, a wani babban asibitin gwamnati a Arewa. Kayan lura da mara lafiya a lokacin ba su wuce a ƙirga da yatsu ba: agogon da ake maƙalawa a ƙirji, ma'aunin zafi na gilashi, na'urar awon jini guda da ɗakuna biyu ke karɓa-karɓa da ita, sai ido da hannu. A bakin ɗakin allura akwai benci. Duk wanda za a yi wa penisilin sai an fara tsira masa kaɗan a fatar hannu, a zagaye wurin da biro, ya zauna. In an yi masa cikakkiyar allurar ma ba ya tafiya sai ya ƙara zaman rabin awa. Magidanta sukan yi ƙorafi wai kasuwa na ci babu su, amma matiron ba ta sassautawa, domin ta taɓa ganin ƙato ya tashi daga allura, leɓe ya kumbura, murya ta shaƙe, ya yanke jiki ya faɗi kafin ya kai ƙofa. Kowace safiya sai ta buɗe tiren gaggawa ta tabbatar adirenalin na nan kuma wa'adinsa bai wuce ba. Irin wancan gwajin fata da muke yi bai kai a dogara da shi ba, yanzu an sani. Zaman bencin kuwa har gobe yana ceton rai, don mummunan borin da allura ke tayarwa yawanci a mintocin farko yake zuwa.

Inda idon ma'aikaciyar jinya ya fi shan aiki shi ne ƙarin ruwan kwinin. Wanda zazzaɓi ya taɓa wa ƙwaƙwalwa, ko mai cikin da ya kwantar, shi ake ɗaura musu. Leda ɗaya ba a yarda ta ƙare kafin awa huɗu ba, domin in kwinin ya shiga jini a guje yakan kayar da awon jini ya rikita bugun zuciya. Ba mu da injin da ke daidaita gudun ruwa. Sai ki tsaya da agogo a hannu kina ƙirga ɗigo, wajen 40 a minti ga babban mutum, ki ɗan murza, ki sake ƙirgawa. Kina juya baya mara lafiya ya lanƙwasa hannu ruwan ya tsaya, ko ɗan jinya ya ga ya yi masa nawa ya buɗe shi da niyyar taimako. Ƙarar kunne da jiri kowa ya san da zamansu. Abin tsoron shi ne faɗuwar sukarin jini, wanda kwinin ke jawowa, musamman ga masu ciki. Matar da kuka gaisa bayan magariba, ƙarfe biyun dare ki same ta ta yi shiru, goshi ya jiƙe da gumi mai sanyi. Mahaifiyarta da ke zaune a tabarma ta ce, "Alhamdu lillahi, Sista, yau dai ta samu barci." Ba barci ba ne. Wadda ta ga matar da magariba ita ce za ta gane, ta kira sunanta ba amsa, ta ɗauko ruwan sukari mai kauri ta tura a jijiya. Cikin 'yan mintoci matar ta buɗe ido tana lalubar ɗankwalinta.

Asalin aikin ke nan, kuma bai sake ba. Illar magani ba ta sallama. Tana ɓuya ne a cikin ciwon da ake jinya, ko a cikin barci, ko gajiya, kuma ba mai rabe ta sai wanda ya ga mutumin ɗazu ya sake ganinsa yanzu. Likita zagaye yake yi, sau ɗaya ko biyu a yini. Mai ba da magani yana bayan taga. Wadda ke bakin gado dare da rana ita ce ma'aikaciyar jinya.

Ba kewar wancan zamani nake yi ba. Abin da muka sani a kawunanmu yake, in mai shi ta yi ritaya ko aka canja mata wurin aiki ya bi ta. Abin da ya faru a ɗakin yara na wannan gari, na garin gaba ba su da labari. An yi wa yara allura a ɗuwawu a wurin da bai dace ba, ta taɓa jijiya, ƙafa ta shanye, aka ce shan inna ce. Allurar analjin ta daɗe tana cin mutane kafin a hana ta a 2005. A 1990 yara 47 suka rasu a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos bayan sun sha farasitamol na ruwa da aka haɗa da dayetilin gilaikol, guba mai kashe ƙoda, wasu kuma suka rasu a Ibadan. A lokacin ko hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, babu, sai a 1993 aka kafa ta.

A can ƙasashen waje abin da ya farkar da mutane shi ne talidomaid, ƙwayar da aka riƙa ba masu ciki saboda laulayi da rashin barci tun daga 1957, har aka haifi jarirai fiye da 10,000 da guntayen hannuwa da ƙafafu. Sunan da aka fi ambata shi ne na likitan Ostireliya William McBride, wanda ya rubuta wasiƙar gargaɗi a 1961. Ba a cika ambaton Sista Pat Sparrow ba, ungozomar asibitin mata a birnin Sidni, wadda ta fara lura cewa jariran da ake haifa haka na matan da ke shan maganin ne, ta je ta faɗa masa. Ingila ta fito da kati mai ruwan ɗorawa na kai rahoton illar magani a 1964, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta kafa shirin tattara irin waɗannan rahotanni a 1968. Amma sai a 2002 aka buɗe wa ma'aikatan jinya na Ingila ƙofar cike katin da hannunsu gaba ɗaya. Shekara 38 wadda ta fi kowa gani ba ta da bakin faɗa. Abin yana yi mini ciwo duk sa'ad da na tuna.

Najeriya ta shiga wancan shiri na Hukumar Lafiya ta Duniya a 2004, aka buɗe cibiyar sa ido kan illar magunguna a ƙarƙashin NAFDAC, mu ma aka kawo mana namu fom mai ruwan ɗorawa. Abin da ya fi burge ni da shi: ba sai kin tabbatar ba. Zargi kawai ya isa ki rubuta, sauran aikin na masu tattarawa ne, su haɗa naki da na wata a Inugu da na wani a Maiduguri su ga ko akwai abin da ke maimaita kansa. Amfanin haka ya fito a ƙarshen 2008, lokacin da gubar nan ta Jos ta dawo a cikin maganin fitar haƙori na yara mai suna My Pikin. Asibitocin Legas da Zariya da Ibadan suka fara ganin ƙananan yara da ƙodarsu ta tsaya babu dalili. Yara 84 suka rasu, amma wannan karon an gano maganin cikin gaggawa, an kwashe shi daga kasuwa, a 2013 kotu ta ɗaure biyu daga ma'aikatan kamfanin. Babbar alama a jikin waɗannan yara ita ce ɗaukewar fitsari, abin da ba mai fara lura da shi sai uwa da wadda ke canja wa yaro shimfiɗa. Haka aka sake gani a Gambiya a 2022, inda yara wajen 70 suka rasu bayan shan magungunan tari da mura.

In aka tambaye ni inda lura ta fi nuna amfaninta a idona, ɗakin haihuwa zan nuna. Jijjiga tana cikin manyan abubuwan da ke kashe mata masu ciki a Arewa, musamman masu cikin fari. A da dayazifam muke ba su, ya kwantar da uwa ya kwantar da jariri, jijjigar kuma ta dawo. Tun 1995 babban bincike ya nuna cewa maganiziyom salfet ya fi shi nesa ba kusa ba, amma aka daɗe ana ɗari-ɗari da shi, saboda in ya taru a jini yana tsayar da numfashi, ana ganin ba za a iya amfani da shi ba sai inda akwai ɗakin gwaje-gwaje mai aiki dare da rana. A 2008 Jihar Kano ta shigar da shi asibitoci 10, aka horar da likitoci da ungozomomi. Abin da aka koya mana abu uku ne da za a duba kafin kowace allura ta bayan awa huɗu. Ki ɗaga gwiwarta ki ɗan buga ƙasan ƙoƙon, in ƙafar ta harba to da sauran fili. Ki ƙirga numfashinta minti ɗaya cur, kada ya gaza 16. Ki duba ledar fitsari, kada ya gaza mililita 100 a awa huɗun, tun da ta ƙoda maganin ke fita. In ɗaya ya gaza, ki dakatar da allurar ki kira likita, ga kalsiyom gulukonet a ajiye kusa, shi ne makarinsa. Harbawar gwiwa ita ke fara ɓacewa tun kafin numfashi ya taɓu, saboda haka wadda ke dubawa a kan kari ba za a shammace ta ba. A waɗancan asibitoci mace-macen masu jijjiga ya sauko daga kusan kashi 21 cikin 100 zuwa kashi 2 da 'yan kai. Magani ne mai haɗari, aka damƙa shi a hannun ungozoma tare da sanin abin da za ta kalla da lokacin da za ta kalle shi, mata suka koma gida da 'ya'yansu.

Sai dai a waɗannan shekarun ne kuma magani mai ƙarfi ya bar gadon asibiti ya koma gida. Da aka fara raba magungunan cuta mai karya garkuwar jiki a 2002, mutum kan karɓi na wata guda ya tafi, ba a sake ganinsa sai wata ya zagayo. Nebirafin yakan fito da ƙuraje a makonnin farko, ga wasu har baki da ido su ɗaye, fata ta saɓule. Sitabudin yakan kashe jijiyoyin ƙafa ya zuƙe kumatu, har mutum ya ji kunyar fita don kada a gane shi, kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a janye shi a ƙarshen 2009. Masu tarin fuka mai taurin kai sun sha allurar kanamaisin wata da watanni, wasu suka warke daga tari suka tashi kurame. A nan lura ta koma tambaya: "Malam, kana jin kiran salla kamar da? Takalmi yana zame maka ba ka ji ba?" Yau an bar waɗannan allurai, tun 2022 akwai ƙwayoyin sha na wata shida, kuma koke-koken marasa lafiya da aka rubuta aka tara suna cikin abin da ya kawo wannan sauyi. Sababbin ma suna da nasu halin, ɗaya daga ciki yana rage jini yana taɓa jijiya da gani, saboda haka tambayar ba ta ƙare ba.

Wata rana da yamma aka shigo da wata budurwa 'yar shekara goma sha biyar, wuya ya murɗe gefe guda, idanu sun kafe sama, harshe a waje. Ana riƙe da ita mutum uku, kakarta na tofa mata addu'a, wani daga cikin maza yana cewa a mayar da ita gida a kira mai ruƙiyya, wannan ba na asibiti ba ne. Abokiyar aikina ta durƙusa ta kira sunanta, yarinyar ta matse mata hannu. Tana ji, tana gane kowa, jikin ne ya ƙi bin ta. Sai ta juya wajen uwar.

"Hajiya, me aka ba ta tun jiya?"

"Ba komai, Sista. Amai kawai ta yi, aka karɓo mata magani a kyamis."

"Yana ina?"

Aka kwance bakin zane aka fito da 'yar leda, ƙwayoyi kala huɗu babu kwali babu suna, sai ɗaya da ya rage a cikin takardarsa: metokulofuramaid, maganin amai da aka san shi da murɗe wuyan yara da matasa. Likita ya zo aka yi mata allurar da ke warware shi, kafin a kira magariba tana zaune tana shan ruwa. Ba wanda ya yi wa kakar dariya, kuma bai kamata a yi ba, duk wanda bai san maganin ba abin da zai zo masa a rai ke nan. Uwar ma ba ɓoyewa ta yi ba da ta ce ba komai. A wurinta abin da aka saya a kyamis bai kai a ambata ba, haka nan jiƙo da tsimi. Shi ya sa tambaya ɗaya ba ta isa, sai an ce a kawo ledar.

Yau muna da abin da ba mu taɓa mafarkinsa ba. Ana iya aika rahoto ta waya, tun 2020 akwai manhajar Med Safety. Atesunet ya maye gurbin kwinin, ba a kwana ƙirga ɗigo. Ƙaramar na'urar da ake maƙalawa a yatsa tana nuna bugun zuciya da iskar jini nan take. Amma na'urar sai an zo an maƙala ta, manhajar sai an ga abin da za a rubuta. A farkon 2024 magatakardan hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta ƙasa ya ce ma'aikata 42,000 sun bar Najeriya cikin shekara uku. Ban ga laifin wanda ya tafi neman abin da zai riƙe iyalinsa ba. Sai dai na san yadda dare yake in mutum ɗaya ne a kan ɗaki cike da gadaje: kafin ta gama raba maganin ƙarfe goma, na ƙarfe biyu ya kawo jiki, ba ta koma ta kalli fuskar na gadon farko ba. Za ta ba da kowane magani daidai, ta sa hannu daidai, amma rabin aikin da ke zuwa bayan bayarwa ba ta samu sararinsa ba. Ga kuma tsoro. Matasan ma'aikata da yawa suna ganin cike fom ɗin nan tamkar kai ƙarar kai ne, gobe a kira su ofis. Muddin shugabar ɗaki za ta fara da "wa ya ba shi?" kafin "me ya same shi?", fom zai ci gaba da kwana a durowa. Ba mu kaɗai ba ne, wani nazari na 2006 da ya haɗa binciken ƙasashe da dama ya nuna kusan kashi 94 cikin 100 na illolin magani ba a kai rahotonsu. Amma mu da muka ga yadda gwajin maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau a Kano a 1996 ya bar tabon da ya taimaka wajen ƙin rigakafin shan inna a 2003, mun fi kowa sanin abin da ke cike gurbi in aka ƙi yi wa mutane bayani.

A asibitocinmu akwai idon da ba ya barin bakin gado, shi ne na ɗan jinya: uwa, ƙanwa, kishiya, ɗa. Su ke wanke mara lafiya, su ke zubar da fitsarinsa, su suka san yadda yake magana in yana lafiya. Mun fi ɗaukarsu a matsayin masu cika ɗaki da 'yan aiken sayo magani. Ina ganin nan ne babbar asararmu a yanzu, domin minti biyu sun isa a ba su aikin yi. "Inna, wannan zai mayar da fitsarinsa ja, kada ki damu, rifamfisin haka yake. Amma in kika ga idonsa ya yi ɗorawa, ko ya kama amai, ki zo ki tashe ni ko ƙarfe nawa ne." Wanda aka yi wa allurar atesunet a gaya wa mutanensa su dawo da shi in ya ɗashe ko fitsarinsa ya yi duhu bayan mako ɗaya zuwa uku, don maganin kan fasa jini bayan an sallami mutum, lokacin da babu ma'aikacin da ke kallonsa. Tsohon da ke shan dikulofenak kullum saboda ciwon gwiwa a tambayi matarsa ko bayan gidansa ya yi baƙi. Wanda kuma Septrin ko Fansidar ya taɓa saɓule wa fata, kada a sallame shi da baki kawai. A rubuta masa sunan maganin da manyan baƙaƙe a ɗan kati, da boko ko da ajami, a nuna wa babban ɗansa, a gaya musu akwai wasu magungunan dangin wannan da ke zuwa da wasu sunaye, su miƙa katin ga duk wanda zai ba shi magani, a asibiti ne ko a kyamis, kafin ya buɗe kwalba.